Fargabar GMO da kabad ɗin da ake ta cewa sai gobe

Duk lokacin da saƙon murya ya zaga WhatsApp cewa abincin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wato GMO, yana hana haihuwa ko kawo cutar kansa, gidajen Hausawa a Jidda da Makka sukan ɗauki zafi. Uwargida ta ce gobe za ta zazzage kabad ta duba komai. Goben ba ta zuwa. Ana ci gaba da cin abincin da zullumi, alhali aikin bai kai rabin sa'a ba.

Abin da ke sa jan ƙafa shi ne ana zaton komai abin zargi ne. Ba haka ba ne. Amfanin gonan da aka fi sauya wa halitta a duniya huɗu ne: waken suya, masara, auduga da kanola, wani tsiro da ake tatsar man girki daga irinsa. Shinkafa basmati, dabino, gero da dawa ba sa ciki. Don haka a kabad abin dubawa kaɗan ne: man masara, man waken suya, garin masara, kamu na gwangwani, da biskit mai sinadarin waken suya. Dokar Saudiyya ta wajabta a rubuta a jikin kaya idan abin da aka sauya ya wuce kashi 1 cikin 100. A juya kwalin a nemi rubutun Larabci "mu'addal wirasiyyan", wato an sauya masa halitta, kusa da jerin kayan haɗi. Shi ke nan.

Batun lafiya kuwa, tun 1996 ake noma irin waɗannan iri. A 2016 cibiyar masana kimiyya ta ƙasar Amurka ta bi ɗaruruwan bincike, ba ta sami shaidar sun fi na gargajiya illa ga mutum ba. Nau'in da ake kira Bt yana ɗauke da furotin daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa. Yana aiki ne a hanjin tsutsa, cikin ɗan Adam kuwa narkar da shi yake kamar sauran furotin. Man girki da aka tace ma kusan babu furotin a cikinsa. Inda masana ke jayayya da gaske shi ne maganin ciyawa gilaifoset da ake fesa wa wasu irin, wanda cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta sa cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar a 2015, wasu hukumomi kuma suka saɓa mata.

A ganina haɗarin da ya fi kusa yana ƙasan kabad, cikin buhun da 'yan Umara suka kawo tsaraba. Gyaɗa, ƙuli-ƙuli da masara in suka sha laimar Jidda sukan yi fumfuna mai fitar da gubar afulatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A zuba gyaɗar a faranti a gaban haske. Duk ƙwayar da ta yamushe, ta yi kore-kore, ko take ɗaci, a zubar. Kada a ce za a soya ta gyaru. Sauran a sa a kwalba mai murfi, nesa da murhu da wurin wanke-wanke.

Wake ma haka. Ana tambaya ko SAMPEA 20-T ne, irin GMO da Najeriya ta amince da shi a 2019 don maganin tsutsar da ke huda kwanson wake. Da ido ba a gane shi. Abin da hanci ke ganewa shi ne maganin ƙwarin da wasu 'yan kasuwa ke yayyafa wa buhu, wanda ya sa Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen waken Najeriya a 2015. Waken da ke wari kamar shagon maganin sauro ba na tukunya ba ne. Mai kyau kuma a ƙulle shi a leda, ya kwana huɗu a firiza, ƙwarin da ƙwansu su mutu, sannan a bar shi ya huce kafin a buɗe ledar don kada ya jiƙe da raɓa.