Ƙofar MGB ta zauna, bayan mako uku

'Yan'uwa masu koyon aikin tayar da tsofaffin motoci, yau ƙofar dama ta motata ta rufu da yatsa ɗaya. Mako uku na yi a kanta, kuma biyu daga ciki na ɓata su ne saboda abin da zan faɗa muku yanzu.

Motar da nake tayarwa MGB ce mara rufi, irin waɗanda aka ƙera a Abingdon ta ƙasar Ingila tsakanin 1962 da 1980. Ba ta da shasi daban da aka ɗora bodi a kai, jikin nata shi ne ƙashin bayanta. Tunda kuma babu rufin da zai riƙe gaba da baya, mafi yawan ƙarfin tsakiyarta yana cikin dokin ƙofa, wato dogon ƙarfen nan da ke kwance ƙarƙashin kowace ƙofa. Nawa tsatsa ta cinye su, har ina tura sukudireba ta shige. Kafin in yanke su na yi waldar ƙarfe biyu a gicciye a bakin kowace ƙofa don kada jikin ya lanƙwashe. Wannan kam na yi daidai, tun ran gini ran zane.

Inda na kauce shi ne wajen rataya ƙofar. Motar tana kan jak, an tallafe ta a tsakiya, babu inji a ciki, ita ma ƙofar fanko ce, ba gilashi, ba abin ɗaga gilashi, ba kulle. Na yi kwana da kwanaki ina sassauta kusoshin hinji ina ɗaurewa har ratar da ke tsakanin ƙofa da jikin motar ta fito milimita 5 daga sama har ƙasa. Na ji daɗi ƙwarai. Da na sauke motar a kan tayoyinta na mayar da kayan cikin ƙofar, sai ratar baya ta sama ta matse har kwali ba ya shiga, gindin ƙofar kuma yana gogar dokin ƙofa.

Dalilin a fili yake, da na zauna na yi tunani. Motar da aka tallafe a tsakiya, gabanta da bayanta suna rinjaya ƙasa, bakin ƙofa ya buɗe daga sama. Idan ta tsaya a kan taya, tsakiyar ce ke ɗan sauka, bakin ya tsuke. Motsin bai taka kara ya karya ba, amma wanda ke aiki da milimita 5 ba shi da rarar da zai yi asara. Ga kuma nauyin gilashi da ke jan ƙofar ƙasa.

Har na ɗauko injin gurza zan rage bakin ƙofar. Alhamdu lillahi na ajiye shi. Ƙarfen da ka gurje ba ya dawowa sai da walda, ita kuma walda a bakin ƙofa zafinta na iya murɗe fatar gaba ɗaya.

Sai na koma farko. Na bar motar a kan tayoyinta a daɓen da ba tudu ba kwari, na ɗora buhunan yashi a mazaunin inji. Na cire ƙarfen da kulle ke kamawa a jikin ginshiƙi, domin shi yana jan ƙofa sama idan an rufe, ya ɓoye maka gaskiyar yadda take rataye. A nan ne ma na gano fil ɗin hinjin sama ya ci: na kama ƙarshen ƙofar na ɗaga, na ji ƙwas-ƙwas a hannuna. Duk saitin da aka yi a kan hinji mai wasa aikin banza ne, don haka na canja shi tukuna.

Abin da ya fi kome amfani gare ni shi ne farawa daga ɓangaren da ba ya motsi. Mudigadin baya na MGB a walde yake da jiki, na gaba kuwa da noti aka ɗaure shi. Saboda haka ƙofa ce ke bin na baya, na gaba ya bi ƙofa, bonet ya zo ƙarshe. Da can na ɗaure mudigadin gaba tamau ina ƙoƙarin cusa ƙofa tsakani, shi ya sa in na gyara nan sai can ya ɓaci.

Ma'aunina ɗan guntun katako ne da na fere daidai milimita 5. Ina zura shi cikin ratar daga sama zuwa ƙasa, inda ya cije in sa alli, inda ya yi lako-lako in sa wata alamar. Amma rata kaɗai ba ta isa ba. Akwai layin da ya bi gefen motar daga gaba zuwa baya, inda ake maƙala siririn ƙarfen ado mai sheƙi, kuma ido shi yake fara kamawa. Na fi yarda rata ta bambanta da rabin milimita a kan layin nan ya karye a bakin ƙofa. Sai kuma tafin hannu: ka rufe ido ka shafa daga mudigadi zuwa ƙofa, idan ɗaya ya fi ɗaya tudu za ka ji kafin ka gani. Ƙasan tawa ya ɗan shige ciki, siririn washa ɗaya a bayan hinjin ƙasa ya fito da shi.

Ku tuna fenti yana da kauri, kuma gefe biyu zai hau, don haka ratar da ta yi cif a kan ƙarfe tsirara za ta ragu. Sabuwar robar ƙofa ma tana turo ƙofar waje kafin ta kwanta. Na sa ta na gwada, na sake cirewa.

Da kome ya zauna, na huda ƙaramin rami na milimita 3 ta cikin kowane hinji har jikin ginshiƙi. Idan an cire ƙofar za a yi fenti, sai in zura ƙusa a ramin ta koma mazauninta ba tare da na sake wannan wahalar ba.

Ƙofar hagu tana jingine da bango, kuma na riga na ga tsagewar nan da ƙofofin MGB suka saba yi a sama, kusa da ƙaramin gilashin gaba. Ita zan fara waldawa gobe in sha Allah, kafin in taɓa hinjinta.