Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Jar Ƙasar Dourados

A makon jiya na tsaya ne a kan isowata garin Dourados da ke jihar Mato Grosso do Sul ta ƙasar Barazil, inda aka tura ni koyon noman waken suya na zamani. A watannin farko babu abin da idona ya gani sai abin sha'awa: jar ƙasa mai albarka, gonaki iya ganin mutum, da injunan da ke girbe a yini guda abin da gandun mahaifina ba ya bayarwa a damina goma. Wasiƙun da nake aikawa gida duk yabo ne.

Wata rana da la'asar, muna dawowa daga ɗebo samfurin ƙasa, sai na hangi bukkoki na baƙar leda a ɗan tsukin da ke tsakanin kwalta da shingen waya, yara suna wasa dab da manyan motocin ɗaukar rake. Na ɗauka 'yan ci-rani ne, amma abokin aikina ya ce mutanen Guarani-Kaiowá ne, wata ƙabila ta 'yan asalin yankin, kuma gonar da muka baro, a nan kakanninsu suke kwance.

Daga bakinsa na fara jin yadda abin ya faru. Bayan yaƙin Faragwai da ya ƙare a 1870, gwamnati ta ba kamfanin Matte Larangeira hayar dazuzzukan yankin domin tsinkar ganyen shayinsu, masu ƙasar kuma suka koma leburori a cikinta. Tsakanin 1915 da 1928 hukumar da aka kafa da sunan kare su ta keɓe musu ƙananan wurare takwas, ta tattara su ciki, saura kuma ya zama tamkar filin da ba shi da mai shi. A 1943 Shugaba Getúlio Vargas ya buɗe wa baƙin manoma yankin, aka raba musu filaye da takardu. Keɓaɓɓen wurin Dourados bai wuce hekta 3,500 ba, amma a yau mutanen da ke cikinsa sun haura 13,000.

Washegari na roƙi abokin aikina muka koma. Wata tsohuwa ta karɓe mu, ta bayyana mini ta bakin jikanta cewa abin da aka raba su da shi ba gona ba ce kawai. Sunansa tekoha, wato wurin da mutum zai iya rayuwa a kan al'adarsa. Ni da na tashi a inda ko gonar gado aka sayar sai dangi sun yi shekaru ba sa ga maciji, ban buƙaci ƙarin bayani ba. Ta ce kundin tsarin mulki na 1988 ya yi alkawarin shata musu iyaka cikin shekara biyar, ga shi gashinta ya yi fari a bakin titi.

Da dare na zauna cike takardar samfurin, na iso gurbin da ake rubuta sunan mai gona. Na daɗe riƙe da alƙalami kafin na rubuta sunan da ke kan takardar mallaka, domin shi kaɗai ofis ya sani. A wannan makon ban aika wasiƙa gida ba.