Godiya bayan gasar hoton shuɗi

Alhamdu lillahi, an tashi daga gasa lafiya, an sauke hotuna daga bango, nawa ya dawo hannuna ba ko ƙwarzane. Na uku na zo. Wanda ya ga halin da nake ciki mako biyu kafin a rufe karɓar aiki ya san wannan ma ba wayona ba ne.

Ga masu tambayata me ya sa komai shuɗi: sunan aikin sayanotaif, kuma da hasken rana ake wanke shi. John Herschel, masanin taurari ɗan Ingila, shi ya gano hanyar a 1842, shekara na zagayowa Anna Atkins ta fara fitar da hotunan tsirran teku da ita. Sinadarai biyu masu ƙarfe a ciki ake haɗawa, a shafe takarda da burushi, ta bushe a duhu. Sai a ɗora dodon hoto a kai, a danne da gilashi, a fita da shi rana, a ɗauraye da ruwa zalla. Girman dodonka, girman hotonka.

Babbar godiyata ga Malam ce. Hotona sai ya fito raɗau, yana shiga ruwa ya koɗe ina kallo. Na zargi sinadari, na zargi ruwa, har ranar ma na zarga. Malam bai ko dubi kwalabena ba. Takardar ya ɗaga, ya juya ta, ya ce, "Alli ne ke cin shuɗinka." Ashe masu yin takardar zane kan sa mata alli don ta daɗe, shi kuwa wannan shuɗin ba ya jituwa da alli ko kaɗan. Ya buɗe durowarsa ya ba ni takardar auduga zalla, daga wadda yake tanadi don aikin kansa. Malam, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Alƙalai kuma, na gode da kuka kafe sai an kawo takardar kanta, ba hotonta a waya ba. A lokacin na yi ta ƙorafi, ba zan ɓoye ba. Amma sawun burushi a gefe da zurfin launi, allon waya ba ya nuna su.

Ƙanwata da ta riƙe mini agogo a tsakiyar rana tana ƙirga mintuna, Allah Ya yi miki albarka. 'Yar'uwar da ta zo ta ɗaya, barka. Na daɗe a gaban hotonki, kin cancanta.

Masu shirya gasa da duk wanda ya tako ya kalla, Allah Ya bar zumunci. Sauran takardar Malam guda huɗu ce a wurina, kuma na riga na shafe ɗaya, tana bushewa.