Amosanin gaɓoɓi da ciwon damuwa, yadda nake lallaɓawa da su biyun

Ɗinki nake yi a gida nan Gwammaja, na mata da na yara, kuma har yau ban ajiye keke ba duk da shekarun da na ɗauka ina fama da amosanin gaɓoɓi irin wanda likitoci ke ce wa rumatoyid. Ciwon hannu da gwiwa kowa ya gani zai ce miki sannu. Abin da ciwon ya yi wa zuciyata ne ba mai tambaya, ni ma kuma ba na faɗa, toh shi nake so na rubuta saboda na tabbata akwai irina da yawa a garin nan suna ƙunshe a ɗaki.

Wannan ciwon ba irin sanyin ƙashin tsufa ba ne da gaɓa ke goguwa saboda shekaru. Garkuwar jikinki ce da kanta take juyowa tana yaƙar fatar da ta lulluɓe gaɓa daga ciki, sai wajen ya kumbura ya ɗau zafi, in an bar shi ya cinye gaɓar yatsu su karkace. Ni da yatsu da wuyan hannu ya fara, dama da hagu lokaci guda, da safe hannun ya sandare ya fi awa ɗaya, buta ma sai na rungume ta da hannu biyu balle almakashi. An ce sanyi ne, an ce jifa ne, na sha diklofenak na kemis har cikina ya fara ƙuna, na sha jiƙo kala-kala, sai da aka tura ni asibitin Malam, wato asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, aka ɗebi jini sannan aka gano kan abin. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ne ke da shi a duniya kuma kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne, shi ya sa in kin je layin ganin likita za ki ga hijabai sun fi huluna yawa nesa ba kusa ba.

Damuwar ba rana ɗaya ta shigo ba. Na fara da daina zuwa biki da suna, ina cewa ƙafa ce, kuma da gaske ƙafar ce, amma ko ranar da jikin ya yi sauƙi ba na sha'awar fita. Kwastoma su kira ana gab da sallah na kife wayar ina kallonta tana haske har ta gaji. Barci ya zama guntu-guntu, tun kafin assalatu idona biyu ina lissafin kuɗin magani da atamfofin mutane da ke jibge ban taɓa ba, hawaye na zuba ba tare da wani ya yi min komai ba. Abinci ya fita raina. Autana ya zo da surutunsa na makaranta na ji kamar na toshe kunne, daga baya kuma na tsani kaina a kan haka. Har na kai inda nake jin da babu ni da Abban yara ya huta da wahala, kuma wannan tunanin shi ne ya fi komai ba ni tsoro.

In na ɗan buɗe baki amsar ɗaya ce, ki yi haƙuri, ki ƙara tawakkali, wasu suna can kwance ko juyi ba sa iyawa. Masu faɗa ba da mugunta suke faɗa ba, na sani, amma abin da kunnena ke ji shi ne imaninki ne ya yi rauni, sai na ja bakina na yi shiru. Ga masu gefe da suka fara raɗe-raɗin ai gara ya ƙaro aure tunda ta gida ta zama sai a hankali. Ni dai a ganina mai ciwon suga ba wanda ke ce masa rashin tawakkali ne ya sa sugansa ya hau, ban ga dalilin da za a ce wa mai ciwon damuwa haka ba.

Wata likita ce ta tono maganar. Tana duba yatsuna sai ta ce Hajiya ya barci, ya cin abinci, akwai abin da yake sa ki farin ciki kwanan nan? Wallahi kasa amsawa na yi sai kuka. Ita ta yi min bayanin cewa abin ba baƙo ba ne, kusan mutum 1 cikin 6 masu wannan amosanin suna da ciwon damuwa mai ƙarfi, kuma su biyun suna ciyar da juna ne, raɗaɗi ya hana barci, rashin barci da ƙunci su ƙara wa raɗaɗin kaifi, mutum ya yi sanyin gwiwa ya fara tsallake magani, ciwon ya sake tashi. Ta ce sinadaran da ke kumbura gaɓa suna yawo a jini, su ma suna da hannu a kasala da dusashewar zuciya, sannan ƙwayar firednisolon da ake bayarwa don kwantar da kumburi tana iya birkita barci da yanayin mutum. Ta kuma ja kunnena cewa tunanin gara babu ni ba abin ɓoyewa ba ne ko na kwana ɗaya.

Da ta ce za ta haɗa ni da likitan ƙwaƙwalwa sai da gabana ya faɗi, kin san mu a Kano da an ambaci wannan ɓangaren sai a ce wance ta kusa Dawanau, inda asibitin masu taɓin hankali yake. Abban yara ne ya ce Maman Khalifa tashi mu je, ba wanda ya san inda muka nufa sai Allah. Hira ce aka yi ta yi da ni, aka ba ni ƙwaya ɗaya kullum, aka ce kar na sa ran ganin canji kafin sati 2 zuwa 6 kuma kar na yanke ta da kaina ranar da na ji sauƙi. Barci ne ya fara dawowa, sai cin abinci, sha'awar mutane ce ta zo a ƙarshe.

Sauran kuma dabarun zaman yau da gobe ne. Metotireksat, maganin amosanin da aka ɗora ni a kai, sau ɗaya ake sha a sati, ba kullum ba, wannan a kiyaye don shan sa kullum yana iya kisa, ni daren Juma'a na ware masa saboda tashin zuciyar ya same ni ina barci, folik asid kuma, ƙwayar da ake haɗawa da shi don rage illarsa, a wata ranar daban. Ana duba jini da hanta lokaci-lokaci, kuma mai neman haihuwa ba ta shan sa, dole ta gaya wa likita tun kafin ta ɗau ciki. Da gaɓoɓin suka lafa sai na ga rabin ƙuncin ya tafi da su.

Ɗinki na juya masa tsari. Safiya ba tawa ba ce, na sallama, sai bayan azahar nake hawa keke, na sa masa mota don na huta da taka feda in akwai wuta, yanka kuma yarinyar da nake koya wa ce ke yi ina nuna mata da alli. Kayan sallah tun farkon Sha'aban nake rufe karɓa, wadda ta ji haushi ta kai wani wajen. Da hunturu filas ɗin ruwan ɗumi yana gefen gado, na tsoma hannu a ciki sannan na yi alwala da shi.

Sallah a zaune ita ce ta fi ci min rai, ina kan kujera ina ganin kamar ban yi ba. Malamarmu ta Islamiyya ce ta karanto min hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, shi ma rashin lafiya ce ta sa ya yi tambaya, Annabi SAW ya ce ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Tun daga nan na daina yi wa kujerar kallon abin kunya, ranar da gwiwa ta yarda na miƙe, ranar da ta ƙi na zauna.

Akwai wata baiwar Allah daga Kurna da muka saba a layin asibiti, yatsunta sun fi nawa karkacewa, in ɗayanmu ta kwana biyu shiru ɗayar ta kira, kuma mun yi alkawari ba mai ce wa 'yar'uwarta lafiya lau in ba lafiyar. Da ita muke takawa da yamma kaɗan-kaɗan in ta zo unguwarmu, don zama waje ɗaya ƙara sandarar da gaɓa yake. Kuɗin magani ne dai har yanzu ba mu samo masa dabara ba, tun da naira ta faɗi a 2023 komai ya yi sama, wani watan sai Yayata ta cika min, ita kuma ta Kurnan adashi take shiga takanas saboda shi.