Haja Mai Rai a Shagona na Samaru

Shagona yana Samaru, ba nisa da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma na fara shi ne kamar kowane mai sayar da kayan gona, da iri da takin zamani da maganin feshi. Abin da ya bambanta ni da maƙwabtana a yau shi ne wani baƙin gari mai ɗan danshi da ke zuwa cikin ƙananan ledoji don cuɗa irin waken suya, wanda manoman Giwa da Soba da Maƙarfi masu zuwa wurina suke kira baƙin magani. A cikin garin nan akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira rizobiyam, kuma duk wahalar sana'ar ta taru ne a kan cewa suna da rai. Buhun yuriya yana iya shekara a sito matuƙar ruwa bai taɓa shi ba, amma wannan haja wuni ɗaya cikin zafin mota ya isa ya kashe ta, alhali kamanninta ba su canza ba.

Aikin ƙwayoyin yana da ban mamaki ga wanda ya tsaya ya duba. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa sinadarin naitirojin ne, wato abin da manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun yuriya, sai dai shuka ba ta iya cin sa kai tsaye daga iska. Idan aka cuɗa iri da baƙin garin nan aka shuka, ƙwayoyin sukan shiga saiwa su tayar da 'yan ƙuraje a jikinta, su zauna ciki suna mayar da naitirojin ɗin iska abincin shuka, ita kuma tana ciyar da su da abin da ganyenta ya sarrafa. Wake da gyaɗa sun daɗe a ƙasarmu, saboda haka yawanci sukan tarar da abokan zamansu a gona. Waken suya kuwa baƙo ne, asalinsa daga ƙasar Sin, kuma ƙwayoyin da suka fi dacewa da shi ba su wadata a gonakinmu ba. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta fitar da ire-iren waken suya da ake kira TGx masu iya zama da ƙwayoyin gida, amma ko su ma na ga suna ƙara kyau idan an cuɗa su, musamman a gonar da ba a taɓa noma waken suya ba. Ita wannan cibiya ce ta samar da NoduMax, wato samfurin irin wannan baƙin gari, kuma shirin bunƙasa noman dangin wake na N2Africa, wanda ya yi aiki a Kaduna da Kano da Borno, ya taimaka wajen sanar da manoma. A Burazil, inda ake noma waken suya fiye da ko'ina a duniya, da irin waɗannan ƙwayoyi suke dogara maimakon takin naitirojin.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai na same shi ne a damina ta biyu. Na karɓi kaya daga hannun wani dillali, ban tambayi inda suka kwana ba, na sayar wa mutanen da suka amince da ni, kuma da lokacin fure ya yi muka tuge shuka muka tarar da saiwa fayau babu ƙuraje. Daga baya na gano cewa kwalayen sun yi kwanaki a bayan mota a tasha cikin zafin bazara. Na mayar wa kowa kuɗinsa, amma damina ba a mayar da ita, kuma har yau ina jin nauyin abin. Tun daga lokacin ba na karɓar leda sai na duba ranar ƙarewar aikinta, kuma ba na sayo kaya sai a watan Mayu, gab da shukar waken suya da muke yi daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli. Da yake wutar lantarki ba ta da tabbas, ina ajiye ledojin a ɗaki mai duhu cikin randar ƙasa da aka kewaye da yashi mai laima, abin da ya rage bayan shuka kuma ba na ɗaga shi zuwa baɗi.

Rabin aikina koyarwa ne, domin ledar da aka yi amfani da ita ba daidai ba, da ita da babu duk ɗaya. Leda mai giram 100 takan isa iri kilo 10 zuwa 15, gwargwadon abin da aka rubuta a jikinta. Ana jiƙa ƙaro a ruwa a ɗan yayyafa wa irin don garin ya manne, a cuɗa a hankali cikin roba har kowace ƙwaya ta yi baƙi, a bari ya sha iska a inuwa, sannan a shuka a ranar cikin ƙasa mai danshi. Ba a shanya shi a rana, ba a haɗa shi da takin zamani a mazubi ɗaya, kuma wasu magungunan wanke iri suna cutar da ƙwayoyin. Yarana biyu suna zagaya ƙauyuka a kan babur da roba da mudun iri suna nunawa a gaban jama'a, saboda na lura bayanin baki ba ya zama kamar abin da hannu ya taɓa.

Inda nake rasa ciniki shi ne wajen faɗin iyakar abin. Tun da takin zamani ya yi tashin gwauron zabo a 2022, mutane suke zuwa da fatan samun abin da zai raba su da sayen taki gaba ɗaya. Wani dattijo daga Giwa ya taɓa ce mini, "Alhaji, ba ni na masara ma, in huta da yuriya." Na ce masa, "Baba, wannan ba ya aiki a masara, kuma ko waken suyan sai kun sa masa supa." Gaskiyar ke nan, domin ƙasarmu tana da ƙarancin sinadarin fosfaras da takin supa ke bayarwa, kuma idan babu shi ƙurajen ba sa girma yadda ya kamata. Abin da na iya ba shi shawara a kai shi ne ya noma waken suya bana, ya bar ganye da saiwa a gonar, ya bi da masara baɗi, don ta ci gajiyar abin da aka bari. Ga masu masara da gyaɗa akwai Aflasafe, wanda shi ma ƙwayoyin halitta ne a jikin dawa mai launin shuɗi, amma aikinsa rage gubar aflatoksin ne a amfanin gona, ba ciyar da shuka ba, kuma ina bayyana wannan kafin in karɓi kuɗin kowa.

Duk wanda ya saya a wurina ina roƙonsa ya bar kunya biyar a gefen gona da irin da ba a cuɗa ba. Bayan mako shida muna zuwa da fartanya mu haƙo shuka daga ɓangarorin biyu, mu wanke saiwar, in ba shi reza ya tsaga ƙurji ɗaya da hannunsa. Idan cikin ya yi ja-ja kamar nama, ƙwayoyin suna aiki, idan kuma fari ne ko kore, ba a samun komai daga gare su. Dattijon nan na Giwa ya tsaga nasa a watan Agusta ya ga ja, kuma da damina ta zagayo ya aiko ɗansa ya karɓi leda goma da buhun supa biyu.