Zaman kasafin kuɗi na jiya

Shekara uku ke nan ina cikin kwamitin kuɗi na kwalejin aikin gona da nake koyarwa, amma zaman jiya ya tsaya mini a rai.

Albashi ya lashe mafi yawan kasafin. Ɗan abin da ya rage shi za a raba wa taki, iri, man tarakta da abincin dabbobi. A wata makarantar ana iya ɗage fentin aji sai baɗi. Mu kuwa saniya ba ta san an yi jinkirin sakin kuɗi ba, damina ma ba ta jiran sa hannun kowa. In lokacin shuka ya wuce, ɗaliban bana sun rasa darasin gona ke nan.

Sai aka kawo shawarar sallamar leburori. Na ƙi. Su ke tatsar shanu da asuba, su suka san dabbar da ba ta da lafiya tun kafin likita ya zo. Na nemi a dakatar da tafiye-tafiyen taro, kuɗin ƙwai da madarar da muke sayarwa kuma ya koma gonar kai tsaye.

An amince da wannan. Maganar leburorin dai an ɗage ta zuwa zama na gaba, ga shi kullum da safe sai mun gaisa da su.