Makunnan USE a Gentoo: dalilin da ya sa make.conf ɗina ya koma layi ɗaya

Kalma ɗaya ce tal ta cinye min kwana biyu, doc. Lokacin ina sabon shiga Gentoo, wani nau'in Linux, na karanta cewa in ka kunna doc manhaja za ta zo da cikakken bayanin yadda ake aiki da ita, na ce ai wannan abun alheri ne, na buɗe /etc/portage/make.conf na jefa ta cikin layin USE, na buga emerge -uDN @world, umarnin da ke sabunta manhajojin na'ura ya sake gina waɗanda canjin ya shafa. Sai ga jerin manhajoji ya zubo kamar ba zai ƙare ba, su doxygen, sphinx, har da guntayen texlive, saboda kowace manhaja da irin kayan da take buƙata kafin ta haɗa takardunta. Wasu ma suka sarƙe, wannan na jiran waccan waccan na jiran wannan. Ana tsakiyar gini aka ɗauke wuta, batirin laftop ɗin bai kai awa biyu ba, ga data ta riga ta tafi. Wallahi raina ya ɓaci sosai, don duk cikin takardun nan na git kaɗai nake so.

Ga wanda bai saba ba, Gentoo da Daniel Robbins ya assasa, wadda sigarta ta 1.0 ta fito a 2002, asalin tsarinta shi ne kwamfutarka ce ke gina manhaja daga tushe, kai kuma kana zaɓar ɓangarorin da za a saka da waɗanda za a bari ta hanyar makunnan USE. Waje biyu ake rubuta su. In ka saka a make.conf ya hau kan duk wata manhaja da ta san wannan makunnin, in kuma ka saka a /etc/portage/package.use to manhajar da ka ambata kaɗai ya shafa. Abun da ya kamata in rubuta tun farko shi ne dev-vcs/git doc, shi kenan, magana ta ƙare. Daga baya da na leƙa fayil ɗin use.desc, inda ake bayanin makunnan, na tarar su kansu masu Gentoo sun rubuta a gaban doc cewa gara a kunna shi manhaja-manhaja.

Amma fa kar wani ya ɗauka ina cewa a kwashe komai a kai package.use, na gwada hakan ma kuma ya ba ni wahala. Laftop ɗina katin hotonsa AMD ne, na kunna vaapi, makunnin da ke miƙa aikin bidiyo ga katin hoto, a manhajar kallon bidiyo mpv kaɗai don bidiyo ya daina dafa min na'ura, amma fanka na ta ihu kamar da, ashe mesa ma sai an kunna mata tunda direban daga wajenta yake fitowa, haka ffmpeg mai sarrafa bidiyon. Irin wannan makunnin magana yake kan ita kanta na'urar, don haka gidansa make.conf ne, duk manhajar da ka girka gobe za ta tarar da shi ba sai ka tuna ba.

To yanzu tambaya ɗaya nake wa kaina kafin in rubuta komai: wannan abun halin kwamfutar ne ko kuwa buƙatata ce ga manhaja guda? vaapi, wayland, pipewire halin kwamfuta ne. doc, examples, debug, static-libs, minimal kuwa ba na barinsu su kusanci make.conf, musamman minimal ɗin nan da abun da yake cirewa a wannan manhajar daban yake da na waccan, sai dai wata rana ka nemi wani abu ka rasa. Kafin in taɓa makunni kuma sai na buga equery uses da sunan manhajar na karanta me yake nufi a wajenta, shi equery yana cikin kunshin gentoolkit.

Akwai kuma masu saka -* a farkon layin don wai su fara daga sifili. Dan Allah ɗan'uwa kar ka yi. Profayil ɗin da ka zaɓa da eselect profile, wato tsarin da ke zuwa da makunnan farko, ko desktop ne ko na plasma ko gnome, mutane sun zauna sun daidaita shi, kai kuma da alama biyu ka share aikinsu gaba ɗaya.

Abun da ya ƙara sa na kame hannuna shi ne tun Disamba 2023 Gentoo ta fara ba da manhajoji ginannu a hukumance. Portage, mai girka manhajoji a Gentoo, ba zai ɗauko maka ginanniyar ba sai makunnanka sun yi daidai da waɗanda aka gina ta da su, in sun saɓa ko da guda ɗaya ne sai ya koma ginawa a kwamfutarka. Kenan kowace kalma da ka ƙara a make.conf tana iya raba ka da ginannu masu yawa a lokaci guda. Wanda wutarsa ba ta yankewa zai iya cewa ba komai, mu da muke lissafin awa nawa inbata za ta riƙe, gina qtwebengine kaɗai ya isa ya cinye yinin mutum.

package.use ɗina folda ce yanzu, fayil ɗaya na bidiyo, ɗaya na kayan aiki, kuma a saman kowane layi ina sa # in rubuta dalili da watan da na saka shi, da Hausa ma nake rubutawa. A saman media-video/ffmpeg x265 opus na rubuta cewa don matse bidiyon bikin ƙanwata ne. Satin da ya wuce na bi su ɗaya bayan ɗaya, na goge layi shida da dalilinsu ya riga ya wuce.